Ruwan da Baba Ya Ce Bai Isa Ba

Garinmu ɗan ƙauye ne a arewa da Dutse. Idan gari ya waye sarai ka hau tudun bayan rijiya, kana iya hango duwatsun da dabinan da ke gindinsu. Ba mu da kasuwa, ba mu da ganuwa sai shingen ƙaya, amma akwai zamanin da muke da dagatai biyu. Kano duk girmanta sarki ɗaya ta iya riƙewa, mu kuwa biyu muka ajiye. Ni ɗan ɗayansu ne, saboda haka mai karatu ya gyara zama, jinin sarauta ne ke magana, ko da yake sarautar rabin shekara ce.

Kada a tambaye ni shekara kaza ce. Sai da gemuna ya yi fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma yaƙin bai yi nisa ba ni da jahilcin muka shirya, kowa ya riƙe ɓangarensa. Abin da na sani shi ne ina goye a bayan Inna aka yi basasa. Manya biyu ne a Kano suke jayayya a kan gadon sarauta. A garinmu babu wanda ya taɓa ganin ko ƙeyar ɗayansu, amma hakan bai hana mu rabuwa ba. Baba ya bi ɗaya, shi kuma wansa, wato Baffa, ya bi ɗayan. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya. Unguwar tudu ta bi Baba, unguwar gangare ta bi Baffa. Aka fara da baƙar magana, aka ƙare da kibiya. Ranar da abin ya lafa, manyan 'ya'yan Baffa biyu suna kwance a bakin shingen gari. Mutanen unguwarmu ne suka kashe su, kuma Baba yana wurin. Ko da hannunsa a ciki, ban sani ba. Bai taɓa faɗa ba, ni kuma ban taɓa samun bakin tambaya ba.

Mutanen gangare suka kwashi abin da za su iya ɗauka suka yi wajen Miga da gaba da nan. Baba ya ɗauki sandar kakanmu, wadda bisa ga girma ta Baffa ce, ya zama dagaci. Unguwarmu ta raba gonakinsu.

Sai da Turawa suka ci ƙasa, aka ce kowa ya koma gidan ubansa, sannan suka fara dawowa. Lokacin na yi wayo, na gan su da idona. Sun tafi da yawa, suka dawo kaɗan, galibi tsofaffi da mata, don yaran da aka tafi da su hanya da yunwa sun cinye mafi yawansu. Baffa ya dawo da ɗa guda da aka haifa masa a can, tsaran ƙanena da muke ce wa Auta. Suka tarar da gonakinsu wasu ke nomawa, kukokinsu wasu ke tsinka. Shekarar nan kowane magidanci da kwari da baka a gefen shimfiɗa yake kwana.

Limanmu tsoho ne da bai bi kowa ba a basasa, duk ɓangaren da ya zo masa sai ya yi masa addu'a ya sallame shi. Shi ya tara dattawa a gindin tsamiyar da ke tsakanin unguwannin biyu. An daɗe ana zama ana tashi baram-baram. Aka mayar da gonaki, ko da yake wasunsu sun ɗan rame a hannun masu riƙo. Aka ce jini kada a sake ambatonsa, ko a faɗan mata a bakin rijiya. Sai aka zo kan sanda. Baffa ya ce tasa ce, shi ne babba. Baba ya ce shi ya riƙe gari lokacin da babban yake gudu. Wani ya ce a raba garin biyu, Liman ya ce masallaci ɗaya ne, rijiya ɗaya, maƙabarta ɗaya, in an raba wa za a bar wa matattu? Daga ƙarshe shekara aka raba. Manya a Dutse ba su damu ba, muddin in sun aiko akwai wanda zai durƙusa ya ce to.

Baba aka ba zaɓi, don sandar na hannunsa. Ya ɗauki rani, tun daga ranar da damin gero na farko ya shiga rumbu har zuwa saukar ruwan shuka. Wayo ya yi, a ganinsa da ganin kowa. Rabonsa ya fi tsawo, kuma lokacin ne rumbu ke cike, ana biki, ana dambe, baƙi na zuwa da gaisuwa. Baffa aka bar shi da damina: rigimar iyakar gona, shanu sun shiga dawar wane, da yunwar tsakiyar damina da kowa ke kawo kukanta ƙofar dagaci. Daga ranar sunayensu suka ɓata, aka koma Mai Rani da Mai Damina.

Baffa bai yi gardama ba, sharaɗi guda ya kafa. Ya ce, "Ban yarda ƙanena ya nuna yaron unguwata da yatsa ya ce tashi ka je wuri kaza ba. Na ga inda nunin yatsan tudu yake kai yaro."

Liman ya ce, "Mai Damina, mun ce ba a ambato."

Ya ce, "Ai ban ambata ba, Malam."

Sai aka tsayar cewa duk abin da ya zo daga manya a lokacin mutum, kyauta ce ko wahala, na unguwarsa ne ita kaɗai. Mutanenmu suka yi ta murmushi, don a lokacin wahalar ba ta wuce sharar hanya da yankan ciyawar doki ba, kyauta kuwa da rani take zuwa. Aka dafa Alƙur'ani, aka yi fatiha.

Sauran magana ita ce wa zai ce ruwan shuka ya sauka, tunda ba kowane yayyafi ne ruwan shuka ba. Yadda manomi ke ganewa kowa ya sani: ka tona ƙasa da hannu, in laima ta wuce wuyan hannu a ɗauko iri, in ba ta kai ba a jira. Liman ya yanke cewa mai sakin sandar shi zai tona, a gonar Liman, a gaban jama'a. Hujjarsa ita ce mutum ba ya sakin mulki da son ransa, in har shi da bakinsa ya ce ruwa ya isa, babu sauran mai magana. Don kada kuma ya yi ta jan lokaci, aka ce ba mai jefa iri a ƙasa sai sanda ta koma hannun Mai Damina. Ka ga in ya yi kwaɗayi, mutanensa ma za su taso masa.

Haka muka yi shekaru, abin har ya zama wasa. Duk shekara Baba zai naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya yi ta tonon nan a hankali kamar mai neman allura. Matan gangare su tsaya daga nesa suna cewa, "Mai Rani, hannun naka ne ya ƙara tsawo bana?" Shi kuma ya ce, "Ku bar ni, ƙasar nan munafuka ce, sama ruwa ƙasa gari." Daga nan ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya miƙa sandar yana kallon wani wuri. Baffa ya karɓa shi ma yana kallon wani wurin. Ba sa cin abinci tare, amma sun daina kwana da baka. Auta da ɗan Baffa kuwa tare suke farautar gafiya, ba wanda ya hana su.

Shekarar da nake son ba da labarinta na zama magidanci, ban daɗe da aure ba, an yanka mini gayauna, 'yar gona ta kaina, a gefen gandu. Bazara ta yi tsanani, kowa ya gama sharar gona, ana ta kallon gabas. Ran nan da la'asar sai ga jakada daga Dutse a kan wani doki da ya fi shi gajiya. Ya sauka a zauren Baba, tunda sanda na hannunsa. Bayan ya sha ruwa, Baba ya aika aka kira ni da Auta, ya ce mu zauna mu ji da kunnenmu.

Jakada ya ce Turawa suna yaƙi da wasu Turawa 'yan'uwansu a can gabas, bayan manyan koguna, kuma suna neman 'yan dako, masu ɗaukar akwatunan soja a ka. An yanka wa kowane gari rabonsa. Namu rabon, da ya faɗa, ya kusa kwashe samarin unguwa guda. Auta ya ce, "Ashe su ma suna basasa?" Baba ya harare shi. Jakada ya ce ya gaji, gobe bayan azahar zai faɗa wa jama'a, kafin nan kada maganar ta fita.

Bai rufe baki ba iska ta taso. Kafin magariba hadari ya rufe gari, aka saki ruwa irin wanda kwaɗi ke yi wa godiya. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallon yadda yake gudu a tsakar gida, zuciyata fari ƙal. Lissafin ba ya bukatar boko. In wannan ruwan shuka ne, gobe da safe sanda za ta koma gangare, kafin azahar saƙon jakada ya zama na Mai Damina, samarin gangare ne za su ɗauki akwati. Ba mu muka tsara ba, Allah ne ya aiko da ruwansa.

Da asuba ni da Auta muka ruga gayaunata. Na tura hannu, ƙasa ta karɓa kamar tuwo mai laushi, laima ta wuce wuyan hannu ta doshi gwiwar hannu. Auta ya yi tsalle, ya ce, "Yaya, mun sha!" Sai kuma ya tsaya, ya ce, "To, amma su wa za su tafi a gangare? Ai duk samarinsu ba su kai ba, sai an haɗa da masu furfura." Na ce masa wannan lissafin Baffa ne, shi ya kafa sharaɗin da bakinsa. Ni ma na san abin da yake tunani. In aka kwashe samarin gangare, har da ɗan Baffa guda ɗaya tilo, ba mai noma musu, kuma ba wanda zai yarda a gangare cewa ba shiri muka yi ba: saƙo ya kwana a zaurenmu, da safe muka miƙa musu shi da sanda. Ko su sake barin gari, ko a koma gidan jiya. Na san wannan duka, amma ina da amarya a ɗaki.

Da hantsi gari ya taru a gonar Liman. Mutane har sun fito da sungumi da ƙoren iri, mata na guɗa. Ban da mu uku da jakadan da ke barci a zaure, ba wanda ya san kome. Baba ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Bai yi wasan da ya saba ba. Ya tura hannu sau ɗaya, ya zaro, ga jar laka har sama da wuyan hannunsa, kowa na gani. Ya goge a gefen riga, ya ce, "Bai isa ba."

Aka yi dariya, an ɗauka wasan bana ke nan. Wata tsohuwa daga gangare ta ce, "Mai Rani, sake tonawa, ko ka tura har kafaɗa!" Baba ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Na ce bai isa ba. A jira na gaba."

Dariya ta mutu. Ni ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, "Baba, a gayaunata fa har..."

Ya juyo ya ce, "Kai ne Mai Rani?"

Na ce, "A'a."

"To, rufe mini baki."

Mutanen gangare suka yi caa. Wani ya ce dama sun san za a rina, mutumin da ya ƙwace sanda sau ɗaya ba zai ji kunyar ƙwacewa sau biyu ba. Wani ya ce a ɗauko Alƙur'anin da aka dafa. Liman ya matso ya ce a hankali, "Mai Rani, ka dubi hannunka." Baba ya ce, "Malam, kai ka ce bakina ne hukunci. Ko an sake?" Liman ya ja da baya. Baffa ya daɗe yana kallon ƙanensa, sannan ya juya ya tafi, mutanensa suka bi shi suna zage-zage. Har wani yaro ya jefo dunƙulen laka ya sami Baba a baya, bai waiwaya ba.

Bayan azahar jakada ya tsaya a gindin tsamiya ya faɗi saƙonsa. Na ga lissafin yana shiga fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Gangare ta yi tsit. Tudu kuwa ta kama da wuta. Da safe rabin gari ya zagi Baba, da rana sauran rabin ya karɓa. Ban san wani dagaci da ya taɓa haɗa kan jama'arsa haka a yini guda ba.

Dattawan unguwarmu suka cika zaure. Wani maƙeri, wanda ya yi basasa a gefen Baba, ya ce, "Allah ya sauke mana kaya da hannunsa, kai ka sunkuya ka ɗauko ka ɗora mana. Don wa? Don mutanen da suka jefe ka da laka ɗazu?"

Baba ya ce, "Saƙo a lokacina ya zo. A zaurena ya kwana."

"Ba wanda ya sani!"

"Ni na sani. Su ma da sun sani daga baya."

Maƙeri ya ce, "To, tunda kai ka jawo, fara da gidanka."

Baba ya nuna ni ya ce, "Ga babban."

Maƙeri ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce, "Kai mai biyu ka ba da ɗaya, ni mai ɗaya in ba da duka? Wannan rabon irin na rani da damina ne?"

Baba ya dubi ƙasa, ya daɗe, sannan ya ce, "Har da Auta." Daga nan ba wanda ya sake musu, kowa ya faɗi sunan ɗansa da kansa.

Inna na bayan zana tana ji. Da Baba ya shigo cikin gida ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ni ba a tambaye ni ba ranar basasa, ba a tambaye ni ba ranar sulhu. Yau ma ba a tambaye ni ba." Ta shiga ɗaki ta fara daka mana ƙuli-ƙuli da garin gero na guzuri. Ita ta naɗa wa Auta gammo da tsohon zanenta, ta ce kansa bai saba da kaya ba. Ni ta ce in naɗa nawa, ai ni babba ne.

Ranar tafiya ɗan Baffa ya biyo mu har bayan gari ya ce zai tafi a madadin Auta. Auta ya ce masa, "Kai da ko gafiya sai na riƙe maka wutsiya? Koma gida, ka kular mini da karena." Baba ya raka mu iyakar shinge, ya ce mu riƙe salla. Daga baya aka ba ni labari cewa ƙurarmu ba ta kwanta ba ya tafi gonar Liman, lokacin ƙasa ta riga ta sha iska ta bushe, ya tura yatsu ya ce yanzu ya isa, ya miƙa sanda. Shekarar nan geron ƙauyukan da ke kewaye da mu ya riga namu fitowa, aka yi ta yi mana dariya a kasuwanni.

Labarin tafiya ba zan ja shi ba, don ban ga kome ba sai ƙeyar wanda ke gabana. Mun ɗauki akwatunan da ba mu san abin da ke ciki ba, muka ƙetare koguna, muka shiga ƙasar duwatsun da namu na Dutse in an kai su can sai a ce murhu ne. Ruwa ba ya ɗaukewa, sanyi na shiga ƙashi. Turawan da ake yaƙi da su ban taɓa ganin ko ɗaya ba, sai ƙarar bindigarsu. Auta shi ke ba mutane dariya a zango, yana kwaikwayon yadda Baba ke tona ƙasa. Sai atuni, zawon nan mai jini, ya kama shi. Na riƙa haɗa kayansa da nawa in mai bulala ya kau da kai, amma ciwon ya fi ƙarfinmu. Wata safiya ya kasa tashi. Ya ce, "Yaya, kada ka gaya wa Inna zawo ne, ka ce harsashi ne, in ɗan yi suna." Kafin rana ta take ya cika. Ni da ɗan maƙeri muka tona rami da adda a gindin wata bishiya da ban san sunanta ba, muka yi masa salla mu biyu, ana yi mana tsawa mu yi sauri.

Sai da shekara ta zagayo har ta wuce aka sallame mu. Mun dawo ba mu cika ba, ba Auta kaɗai aka bari a can ba. Muka shigo gari da rana tsaka, dawa ta kai ƙugu. Baba na zaune a zaure yana gyaran igiyar guga. Ya dube ni, ya dubi bayana, ya sake duban bayana. Na durƙusa na faɗa masa. Ya yi salati, ya ce, "An yi masa salla?" Na ce an yi. "Kun fuskantar da shi gabas?" Na ce iyakar ganewarmu, don rana ba ta fitowa a ƙasar. Ya ce, "To." Ya ci gaba da murɗa igiyar, amma baya yake murɗawa, tana warwarewa.

Inna na faɗa mata gaskiya, ban iya yi mata ƙaryar da Auta ya roƙa ba. Ta tambaye ni ko ya sha ruwa kafin ya cika, na ce ya sha. Daga ranar ba ta sake yi wa Baba magana ba sai abin da ya zama dole, ga tuwo, ga ruwa, an yi baƙo.

Aka yi zaman makoki. Mutanen unguwarmu, waɗanda su ma wasunsu ke nasu makokin, suka riƙa zagayawa ta ƙofar baya su yi wa Inna gaisuwa su fita, ba mai leƙa zaure. Zauren Baba mutanen gangare ne suka cika shi, suna zaune a takure kamar waɗanda suka zo roƙon iri. Da yamma ta yi sai ga Baffa. Aka matsa masa, ya zauna kusa da ƙanensa. Bayan addu'a Baffa ya ce, "Ran nan kafin in zo gonar Liman na tona tawa. Har gwiwar hannu."

Baba ya ce, "Gonarka ai kwari ce, ko raɓa aka yi sai ta jiƙe."

Baffa ya ce, "Haka ne."

Can Baba ya ce, "Yaya." Ban taɓa jin ya kira shi haka ba. Baffa ya ce, "Na'am." Muka kasa kunne, amma Baba bai ƙara kome ba, Baffa kuma bai tambaya ba. Suka zauna har aka kira magariba, suka tashi tare. Baffa ne ya riƙe masa buta.

Gangare ba ta sake barin gari ba, ba a kuma sake ɗauko baka ba. Samarin tudu sun so su yi wani abu a kwanakin nan, suka zo wurina in shige musu gaba, tunda ni aka fi cuta. Na ce musu wuyana bai warke ba, ba zan ƙara ɗaukar kayan wani ba. Maƙeri bai sake gaida Baba ba har ya mutu, ko da yake ɗansa ya dawo da rai.

Ranar da aka tashi daga makoki ɗan Baffa ya ce in raka shi cikin gida ya gaida Inna. Ya yi aure bayan tafiyarmu, ya ƙara jiki, har gemu ya fara fito masa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, asabari a sake, ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi. Ya yi mata gaisuwa, ya ce duk abin da Auta ke yi mata, itace ne, ɗiban ruwa ne, noman 'yar gonarta ta kuɓewa ne, shi zai riƙa yi. Muna jin motsinta a ciki, amma ba ta amsa ba. Muka daɗe, rana na dukan bayansa, bai ɗaga ba.

Can ta ce daga ciki, "An ce matarka ta haihu."

Ya ce, "E, Inna."

"Me aka samu?"

"Namiji."

Ta ce, "Allah ya raya."

Ya ce amin. Ya jira ta ce masa ya tashi, ba ta ce ba. Ni na kama kafaɗarsa na ɗaga shi, na raka shi har zaure. Washegari da sassafe na ji saran gatari a bayan ɗakinta. Ɗan Baffa ne, ya tara mata itacen a bakin ƙofa ya tafi. Itacen ya kwana biyu a wurin ruwa na dukansa, sannan na ga ta aiki matata ta shigar da shi.